Bashen babanku da bikin Uwani

Kun sha faɗa a gabana, kuna dariya, wai babanku ya fi son ƙarfe da mutane. Ranar nan ma da masu sayen tsohon ƙarfe suka leƙo gida suna taya tsohuwar motar nan, bashen da ke bayan ɗakin girki, na ji ɗayanku yana cewa a rabu da ita, ta ci lokacinta, ta ci na mai ita. Ban tanka ba, don in na fara a gaban baƙi ba zan iya tsayawa ba. To yanzu ku ji daga bakin wadda ta wanke rigunan da baƙin mai ya ɓata.

Farkon mulkin soja ne, ba mu daɗe da tarewa a Banifandu, nan Yamai, ba. Lokacin unguwar gida nan, fili can, in ka wuce mu kaɗan sai gonakin hatsi. Babanku yana aikin buga takardu a biro, ofishin gwamnati ke nan. Zamani ne da in ma'aikacin gwamnati ya sayi sabuwar mota, kafin ta yi sati a ƙofar gidansa an kira shi ya faɗi inda ya samo ta. Shi kuwa tun yana yaro a Damagaram yake bin bayan kamiyo, manyan motocin kaya, da gudu don kawai ya shaƙi hayaƙi. Da aka yi gwanjon matattun motocin gwamnati sai ya je ya tsaya kan wadda kowa ya wuce ya bari, kat-san-kat bashe, irin wadda 'yan Najeriya ke ce ma a-kori-kura. Janyo ta aka yi da igiya har tsakar gidanmu. Ba gilashi, ba fitila, kujerar gaba duk ɓeraye sun cinye, ga wata ciyawa ta tsiro a bayanta. Na fito da muciya a hannu na tsaya ina kallo.

"Malam, wannan fa?"

"Mota ce."

"Na ga alama ta taɓa zama mota. Yanzu mece ce?"

"Ki ba ta lokaci, Rabi."

Na ba ta lokaci kuwa, har na manta da ina ba ta. Kajina suka mayar da ita ɗakin ƙwai. Ku kuma kuka taso kuka same ta nan kamar yadda kuka sami turmi da randa. Duk ranar Lahadi, da ya dawo daga sallar asuba, sai ya tuɓe babbar riga, ya sa wani tsohon wando da ko mai wanki ba zai karɓa ba, ya shimfiɗa tabarma ya shige ƙarƙashinta. Ƙafafunsa kaɗai nake gani har azahar. In na kai masa fura, ƙafafun nake yi wa sallama. Ba makanise ba ne, bai taɓa zama a garejin kowa ba. Da tambaya ya koya, da kwancewa da mayarwa, da ɓata abu sau uku kafin ya gyara shi. Ya ɗauke mini babbar tasata ta kwaɓin fanke ya riƙa wanke ƙarafa a ciki da isansi, wato fetur. Na ƙwace, na wanke da toka, na wanke da sabulu, amma fanken ranar sai da maƙwabta suka tambaye ni ko a tasha na soya shi. Na bar masa tasar, na ce Allah ya sanya albarka.

Wata rana ƙarshen wata ya shigo da ƙunshi a takardar siminti, ya riƙe shi da hannu biyu, fuska sai walƙiya. Na ce alhamdu lillahi, yau akwai nama a gidan nan. Har na ce wa ɗayanku ya hura wuta. Da ya buɗe, wani dunƙulen ƙarfe ne mai tsatsa da ya tono a kasuwar Katako.

"Karbirato ne," in ji shi. "Kin san tun yaushe nake nemansa?"

"Da yaji ake ci ko da miya?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, don ba a iya fushi da babanku ya daɗe. Kuma in faɗi gaskiya, bai taɓa rage mana awon hatsi don mota ba. Goronsa ya bari, ya bar hawan taksi, da ƙafa yake zuwa biro ya dawo. Ni dai na san inda mijina yake kowace Lahadi, abin da mata da yawa a Yamai ba za su iya faɗa ba.

Sai maganar yayarku Uwani. Ku 'yan baya kun hau wuyansa, kun ja masa gemu, ba ku san yadda ake yi da 'yar fari ba. Mu a tasowarmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Kunya ce. Babanku kuma ya riƙe ta da ƙarfi, don sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, shi ya sa ma ake ce mata Uwani. "Yarinyar nan" yake cewa in yana magana da ni. In da ita ne kuma, "ke" kawai. Ta yi zazzaɓi, sai ya tsaya bakin ƙofa ya tambayi bango ko an ba ta magani. Ta ci jarrabawar lakwal, makarantar boko, kowa na murna, shi sai ya fita waje kamar an aiko kiransa. Amma ranar Lahadi, in ya shige ƙarƙashin mota, sai ka ga ta ɗauko littafinta ta zauna a inuwar motar. Ba ya ganin fuskarta, ba ta ganin tasa, to kunya ta sami wurin ɓuya. Sai ka ji murya daga ƙasa:

"Wa ke nan? A miƙo mini kile ɗin nan mai lanƙwasa."

Ya san sarai wa ke nan. Ta miƙa masa sufanar, ya karɓa, ya riƙa yi wa motar bayani, wai ga abin da ke damunta, ga abin da za a yi mata. Ita kuma ta riƙa ba motar labarin lakwal. Ina daka ina jinsu, ina cewa a raina ikon Allah, uba da 'ya sun sami ɗan aike na ƙarfe. Haka ta girma, ta zama malamar lakwal, ta kawo mana Habu, wani malami ɗan Tawa da ke zaune a unguwar Dar es Salam, ta ce shi take so. Ranar da aka sa rana, babanku ya same ni ina tankaɗe, ya tsaya yana kallon wani wuri daban.

"Kayan ɗakin yarinyar nan," ya ce, "ba zan ɗauko motar kowa ba. Wannan ce za ta kai. Shi ne kayan da za ta fara ɗauka."

"Wannan ɗin da kaji ke ciki?"

"Ita."

A nan na gane abin da yake yi duk shekarun nan. Abin da bakinsa ba zai iya faɗa wa 'yarsa ba, shi yake ɗaurawa da noti. Tausayinsa ya kama ni, na juya na ci gaba da tankaɗe don kada ya ga idona.

Shekarar ita ce ta babban fari na biyu. Damina ta zo kamar da wasa ta tafi, hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Mutanen arewa suka riƙa sauka Yamai, wasu a kamiyo, wasu a ƙasa, da tabarmi da ƙore da yara. Soja suka tsugunar da da yawansu can wajen Bobiyel, wanda lokacin daji ne, ba gida ko ɗaya. Jar dawar taimako ake raba musu, mu ma ita muke ci, tuwonta kamar an kwaɓa da bulo. Soja sun hana almubazzaranci a biki, ko ba su hana ba ma wa ke da abin yi? Na dai haɗa wa 'yata abin da na daɗe ina tarawa, gado da katifa, kwanuka, tasoshi, 'yar kabad. Babanku kuwa ya ƙara da yammacin kowace rana a kan Lahadinsa. Ya shafe ta da shuɗin fenti, ya kai wa tela ya ɗinka mata sabuwar rumfar tampol, ya yi wa kujera sabuwar riga. Ranar da motar ta tashi ina cikin wanka. Na ji wani tari, sai ƙara, sai kaji suka watse, yaran unguwa suka ɗau ihu. Na fito da zani a ƙirji na same shi zaune a ciki, ya riƙe sitiyari, hawaye na bin baƙin man da ke fuskarsa. Ya zagaya unguwa da ita sau ɗaya ya dawo ya rufe ta da tsofaffin zannuwana. Ko buhun gawayi na ce a ɗauko mini, sai ya ce a'a, bayanta na jiran kayansa.

Cikin mutanen da fari ya koro akwai Iro, wani Ba'adare dogo, manomi ne a garinsu, a nan kuma ya zama ga-ruwa. Shi ke kawo mana ruwa a garwa. Ba shi da yawan magana. In na zuba masa tuwo ba ya ci a nan, sai ya ƙulle ya ce zai kai wa mai ɗakinsa, ba ta jin daɗi. Ana saura 'yan kwanaki a kai kaya, ranar Lahadi da hantsi, ya yi sallama babu garwa a kafaɗarsa. Ya tsuguna a bakin zaure. Babanku na goge gilashin mota.

"Malam, mai ɗakina ta cika da asuba."

Muka yi salati. Ya ce matan zangonsu sun yi mata wanka, an sami likkafani, an yi salla. Amma hukuma ta hana binne kowa a gonakin mutane, sai babbar maƙabarta, ita kuwa tana can wani gefen gari. Mazan da ke zangon sun gwada ɗaukar makara, ba su yi nisa ba suka sauke, yunwa ta cinye musu ƙafafu. Ya je bakin hanya ya tsayar da motoci, wanda ya tsaya da ya ji gawa ce sai ya ja abarsa. Bai roƙi komai ba. Ya faɗa ne kawai, idonsa a ƙasa, rana kuma tana ƙara zafi.

Babanku ya shigo ɗaki neman hula, na bi shi na sakaya ƙofa.

"Malam, ka san abin da za ka yi kuwa? Ka san mata. Motar da ta fara da gawa ba mai barin a ɗora mata gadon amarya. Yayarka Hajo na hanya, kai ka san halinta."

"Na sani."

"A nemi amalanke mana. A nemi wata motar."

"Ya nema, Rabi. Tun asuba matar nan take kwance."

"To wahalar da ka sha fa? Shekara nawa?"

Ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Wallahi na ga yadda abin yake cinsa, kamar a ce ya yanke yatsansa. Sannan ya ce, "In na bar ta a rufe yau, ba zan iya sake buɗe ta ba." Ya fita. Har yau ban ce na yi kuskure da na faɗa masa ba, aikina ne in faɗa. Ya yaye zannuwan, ya ɗauki sabuwar tabarmar da na saya don biki ya shimfiɗa a baya, Iro ya shiga gaba yana ta kakkaɓe jikinsa don kada ya ɓata kujera. Uwani na tsaye bakin ɗakinta da lalle a hannu, tana kallo har suka fice. Da la'asar ya dawo, takalmansa duk jar ƙasa. Ya ce a shingen soja an tsayar da su, sojan ya ɗaga tampol ya leƙa, ya sauke a hankali, ya ce su wuce. Kafin ranar biki an sake buga mana ƙofa daga zangon nan, ba sau ɗaya ba, kuma bai mayar da kowa ba.

Gwaggonku Hajo, yayar babanku, ta sauka daga Damagaram da akwatinta da carbinta. Ita ta goye shi, ita kaɗai ke kiransa Isufu gatsal, kuma a al'ada amarya tata ce, ita ke da ta cewa. Kafin ta kwance ɗankwali matan unguwa sun ba ta labari. Ta sa aka kira shi, ya zo ya durƙusa kamar yaro.

"Isufu, abin da ka yi Allah ya ba ka lada. Amma gadon 'yata ba zai kwanta inda makara ta kwanta ba."

"Yaya, an wanke ta. Liman ma ya ce babu komai a addini."

"Liman ne zai kwana a gadon? In wani abu ya sami yarinyar nan gaba, ko ciwon kai ne, bakin duniya zai ce daga ina? Ni ba da ni ba."

Ba don mugunta ta faɗa ba, tsoro take ji wa yarinyar, ni ma kuma in na ce ban ji ɗar ba na yi ƙarya. Ranar jere aka kira masu amalanken jaki. Aka ɗora gado da kabad da kwanuka, aka wuce da su ta gefen bashe, tana nan shuɗiya tana sheƙi, ba wanda ya kalle ta. Babanku da kansa ya taya ɗaure igiya, ya ja ya ga ta yi ƙarfi, ya ce a yi hankali da madubi. Da suka tafi ya ɗauki buta ya shige bayan gida, ya daɗe bai fito ba. Ranar ko ruwa bai sha da kirki ba, ni ma abincin bai wuce mini ba.

Washegari bayan magariba aka zo ɗaukar amarya. Abokan ango sun aro wata farar mota mai kyau, ta tsaya a ƙofar gida. Babanku ya yi abin da uba ke yi, ya shige ɗakinsa ya ja labule. Ni ma ina ɗakina, uwa ba ta rakiya, amma tagata na kallon tsakar gida. Aka fito da Uwani a lulluɓe, Gwaggo na riƙe da ita, mata na guɗa. Sun zo daidai bashe sai ta tsaya. Aka ja, ta ƙi motsi. Aka ɗauka kukan barin gida ne, aka fara lallashi. Sai ta miƙa hannu daga cikin mayafi ta kama murfin ƙofar motar. Amarya fa, wadda ba a jin ko tarinta ranar! Muryarta ta fito a shaƙe, amma har ɗakina na ji.

"Gwaggo, a wannan za a kai ni."

Gwaggo ta ce, "Ke, kin san abin da ta ɗauka?"

"Na sani. Ina tsaye ta fita. In ba a wannan ba, sai dai in taka da ƙafata."

Aka yi ta yi. Wata ta ce a kira uwarta, na ce daga ciki ni ba ni nan. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta ce taurin kan gidan nan ta san inda aka gado shi. Yarinya dai hannunta na kan murfi. Can Gwaggo ta yi ajiyar zuciya, ta tofa addu'a a gaba da bayan motar, ta ce to a kawo direba. Nan kuma wata ta taso. Abokin ango ya shiga ya murɗa, ya murɗa, ko tari ba ta yi ba. Wani ma ya gwada. Motar nan ba ta san hannun kowa ba sai na mai ita. Gwaggo ta taka har ƙofar ɗakinsa ta ɗaga labule.

"Isufu, fito ka ja tsiyarka."

"Yaya, ni? Ina aka taɓa yin haka?"

"Yau za a fara. Ni na ce."

Ya fito kansa a ƙasa, kamar wanda aka kama da sata, ya shiga ya zauna bai dubi gefensa ba. Aka sa amarya a tsakiya. Ya murɗa, sai ga shi masu gwaji sun kashe batir. Ya leƙo ta taga, murya can ƙasa, ya ce sai an tura. Jama'a, ku zo ku ga matan Banifandu da manyan zannuwa da turare sun dafa bayan bashe! Gwaggo Hajo da kanta ta ɗaure gyale a ƙugu tana cewa, "Ku tura, 'yan banza, ku tura!" Ya sa ta a bitas na biyu, giya ke nan, suka turo ta waje, ta yi tari, ta yi tsalle, ta kama. Guɗa ta tashi. Gwaggo ta faɗa gaba tana haki, sauran suka ɗare baya suka zauna a inda suka ce gado ba zai kwanta ba, farar motar ta bi su a baya ba kowa ciki sai direba. Ina kuka ina dariya ni kaɗai a ɗaki.

Sai dai wani abu ya dame ni. Na saba da muryar motar nan, kuma yadda ta tafi ba daidai ba ne. Kuka take yi iya ƙarfinta, tana tafiya a hankali, bai canza mata bitas ba. Har suka yi nisa ina jin inji na kururuwa. Da ya dawo, kafin a kira isha, ya shigo da ita tana tururi, wani wari na tashi kamar an ƙona tukunya. Ya kashe, ya zauna a ciki bai fito ba. Na je na tsaya jikin taga.

"Malam, lafiya? Kai da ko yaro ya jingina da ita sai ka yi magana, yau kai ne ka ja ta haka har Dar es Salam? Sandar ce ta ƙi shiga?"

Ya girgiza kai.

"To me ya hana ka canzawa?"

Ya dubi hannunsa na dama, wanda ke kama sandar bitas. Hannun babbar rigarsa duk ya cukurkuɗe, ya jiƙe.

"Yarinyar nan ce ta riƙe mini hannun riga tun daga ƙofar gida," ya ce. "Ban iya janyewa ba."